Masu sa murya a fim ɗin katun: yadda ake rarrabe su ta salon wasa, tambayoyi da amsoshi

Shekara uku ke nan muna ɗan taɓa haɗa gajerun katun na Hausa a nan Kumasi, ni da wasu samari na Aboabo da Asawase, kwamfuta ɗaya ce gare mu sai makirfo biyu, kuma duk ranar da muka kira gwajin murya tambayoyin kusan iri ɗaya ne, wani a bes wajen shan ataya zai tare ni, wata ƙanwarmu ta turo ta waya da tsakar dare. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda. Sunayen rukunonin da za ku gani mu muka laƙaba musu don mu riƙa gane juna in ana aiki, amma misalan duk na gaske ne.

Yaya, wai a katun akwai 'yan wasa ne? Ba zane ba ne kawai?

Akwai su mana, sai dai wasan an raba shi biyu ne. Mutum ɗaya yana cikin ɗaki gaban makirfo yana ba da murya, wani kuma yana gaban takarda ko kwamfuta yana ba da fuska da tafiya da ɗaga gira. A manyan kamfanonin Amurka irin su Disney da Pixar murya ake fara ɗauka, sannan mai zane ya sa abin sauraro a kunne ya yi ta maimaita layi ɗaya har ya haddace inda mutumin ya ja numfashi, sai ya gina motsi a kai, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Sau da yawa ma ana ajiye kyamara a ɗakin ɗaukar murya don masu zane su ga yadda bakin mutum da hannunsa suke yi.

Ka duba Scar, mugun zakin nan na The Lion King na 1994. Jeremy Irons ne ya yi muryar, Andreas Deja ya jagoranci zana shi, kuma ya ɗebo yanayin bakin Irons da wannan kallon na raini ya zuba wa zakin. To wa ya yi wasan Scar a cikinsu? Su biyun ne. Shi ya sa masu sana'ar suke kiran mai zane ɗan wasa mai fensir.

To tunda ba a ganin fuskarsu, da me ake rarrabe su?

Mu nan mun saba raba 'yan fim ta wurin matsayin da suke fitowa, wannan jarumi ne, wannan bos ne, wancan ɗan barkwanci, waccan kullum uwar miji. A katun wannan rabon ba ya kai ka ko'ina, don mutum ɗaya zai iya yin jarumi da bos da akuyar maƙwabta a fim ɗaya. Ni abin da nake yi shi ne in rufe ido in saurara, a nan ji ne yake korar gani, sai in tambayi kaina abu uku. Na gane mutumin ko ya ɓace mini cikin halittar? Rubutun da aka ba shi yake bi ko bakinsa ne yake ƙago magana? Yana zuzutawa ne ko yana magana kamar yana zaune kusa da ni a benci?

Daga waɗannan ukun manyan rukunoni suke fitowa: 'yan hawainiya, masu zuwa da muryarsu, masu ƙari, sai masu zuzutawa da masu sanyi. Akwai kuma wasu da aikin ne ya ware su, masu kukan dabbobi, masu waƙa, masu wasa da jiki, yara, da 'yan fassara. Kowanne na yi bayaninsa a ƙasa.

Su wane ne 'yan hawainiya?

Su ne waɗanda in sun shiga halitta ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Ubansu a wannan harka Mel Blanc ne, wanda ya rasu a 1989, shi ne zomon nan Bugs Bunny, shi ne agwagwar nan Daffy Duck, shi ne Porky Pig, har ana masa laƙabi da mai murya dubu. Akwai wani gajeren katun na 1951 inda zomon yake kwaikwayon muryar agwagwar, agwagwar kuma tana kwaikwayon zomon don su ruɗa maharbi, kuma duk bakin mutum ɗaya ne yake yi, amma kana jin bambancin zomo mai kwaikwayon agwagwa da ita agwagwar ta ainihi. Duk wanda ya taɓa gwada canza murya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mata sun yi fice a nan ƙwarai, musamman wajen yin muryar yara maza, saboda yaro namiji shekara biyu uku muryarsa ta fashe aiki ya tsaya. Bart Simpson mace ce take yin sa, Nancy Cartwright, tun kafin a haifi yawancin masu zuwa gwaji wurinmu. A Japan Masako Nozawa ce Goku, jarumin Dragon Ball, tun 1986, ita ce kuma 'ya'yansa Gohan da Goten, Naruto ma mace ce, Junko Takeuchi, Luffy kuma Mayumi Tanaka. Ranar da na faɗa wa yaran unguwarmu haka sai da muka yi musu har aka kira sallar isha'i.

Kuma kada wani ya ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Kakar da take ce maka ga ta nan ga ta nanku, ta yi maka Gizo da tsamin bakinsa, ta juya ta yi Ƙoƙi, ta kumbura murya ta yi kura, ta yi dodo har ka cusa kai cikin zaninta, ita ma 'yar hawainiya ce, makirfo ne kawai ba ta da shi. Maƙwabtanmu Asante su ma in suna ba da labarin Ananse ta hanci suke sa shi magana. Mu duka da wannan salon muka tashi.

Masu zuwa da muryarsu fa, ba lalaci ba ne mutum ya ƙi canza murya?

Ba lalaci ba ne. Waɗannan an ɗauko su ne saboda muryar da Allah ya ba su da halin da aka san su da shi, sai a ɗinka halittar daidai jikinsu kamar tela ya auna ka. James Earl Jones bai canza komai ba da ya yi Mufasa a 1994, da aka sake fim ɗin a 2019 ma shi aka koma wa, don wa zai ba ka wannan muryar mai kama da tsawa daga nesa? Tom Hanks shi ne Woody tun Toy Story na 1995, Eddie Murphy shi ne jakin Shrek na 2001, Jack Black shi ne Po na Kung Fu Panda, kana rufe ido ka san su. Wani lokacin har fuskar ake kwafowa, kamar kifin da Will Smith ya yi a Shark Tale na 2004.

Namu na gida kuma Idris Elba, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce, a shekarar 2016 kaɗai ya yi ɓaunan nan shugaban 'yan sanda na Zootopia, ya yi damisa Shere Khan a The Jungle Book, ya yi wata dabbar ruwa a Finding Dory. Muryar ɗaya ce, amma a ɗaya gajiya ce da aikin ofis, a ɗaya barazana ce mai sanyi, a ta ukun shirme. A nan wahalar salon take, ba ka da wata sabuwar murya da za ka ɓuya a bayanta, dole abin da ke ranka ne zai canza. Ka yi tunanin da an yi katun da marigayi Ibro ko Samanja, wa zai ce musu su sauya murya? Ai ita aka zo saye.

Tsakanin hawainiya da mai zuwa da muryarsa wa ya fi?

Tambayar da take tayar da musu ke nan. Manyan kamfanoni suna son sanannen suna saboda fosta da talla, wannan ya ƙara ƙarfi ne bayan Aladdin na 1992, ko da yake tun The Jungle Book na 1967 Disney ta ɗauko sanannu irin su Phil Harris da Louis Prima ta gina halittu a kan halinsu. Masu sana'ar murya zalla da yawa suna jin haushin abin, kuma ina ganin suna da hujja, don akwai finafinan da an cika su da taurari amma in ka rufe ido ba ka jin komai sai mutum yana karanta takarda.

Ni dai a ƙaramin aiki irin namu hawainiya ɗaya ta fi mini taurari uku, tana yi mini mutum biyar a zama ɗaya, kuɗin mota ɗaya, kwanon wace (shinkafa da wake) ɗaya. Amma babban jarumin labari, wanda za a bi minti ashirin ana tausayinsa, nakan ba mai magana da muryarsa ta gaskiya, saboda muryar ƙirƙira tana da daɗi a minti biyu na farko, in aka zo wurin kuka sai ta tona asirin mai ita.

Me ake nufi da masu ƙari?

Su ne waɗanda za ka ba layi ɗaya su dawo maka da goma. Robin Williams a matsayin aljanin Aladdin shi ne misalin da kowa yake kawowa, an bar shi da makirfo ya yi ta zuba awoyi da yawa yana rikiɗa daga wannan murya zuwa waccan, sai Eric Goldberg da mutanensa suka zauna suna tsintar abin da za su zana. Sarkin nan Julien na Madagascar, 2005, ƙaramin matsayi ne da farko, Sacha Baron Cohen ne ya zo ya yi ta surutu da wata irin karya harshe har aka faɗaɗa masa. Su kuma Billy Crystal da John Goodman a Monsters, Inc. na 2001 tare aka sa su a ɗaki ɗaya, abin da ba a cika yi ba a can, don ƙari yana son abokin jifa.

Mu a Kumasi ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani, mun ga Agya Koo, mun ga Lil Win, mun ga 'yan camama na Kano, a ba su gundarin labari kawai su cika sauran da baki. Sai dai a fim na mutane in ɗan wasa ya ƙara minti biyu kyamara ce take ci gaba da juyawa, a katun kuwa minti biyun nan wani ne zai kwana makonni yana zana su. Wani yaro mai ban dariya ƙwarai ya taɓa mayar mana da fitowar daƙiƙa 40 ta koma minti huɗu, muka yi dariya har da hawaye, mai zanenmu shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Don haka ƙari kafin a fara zane ake yin sa, in an zana baki an gama to ƙofa ta rufe, duba amsar da ke maganar 'yan fassara.

Zuzutawa da sanyi, yaya ake gane wanda ya dace?

Zanen ne yake faɗa maka. In halitta idonta yana fitowa waje in ta tsorata, tana miƙewa kamar roba, to murya ma dole ta kai can, irin ta SpongeBob da Tom Kenny yake yi. In kuwa an zana mutum da nauyin jiki da ƙananan motsi, ihu zai ɓata shi. Tsohon nan Carl na Up, 2009, da Ed Asner ya yi, rabin wasansa gunaguni ne da ajiyar zuciya. Hayao Miyazaki, daraktan katun na Japan, har gudun ƙwararrun masu murya yake yi wani lokaci, a The Wind Rises na 2013 abokin sana'arsa darakta Hideaki Anno ya ba babban matsayi, don yana son murya marar ado.

Kuskuren da kusan kowa yake zuwa da shi gwaji shi ne ɗauka cewa katun na nufin siririyar murya da ihu. Zuzutawa ba ƙara ba ce. Ka saurari yaron mota a Kejetia yana kiran fasinja, muryar a sama take amma akwai kari, akwai inda yake ja da inda yake yankewa, kuma zai yi haka tun asuba har dare bai dishe ba. Wannan gwani ne. Wanda ya zo ya yi mana kururuwa minti biyar ya fara tari, shi kam sai mu ba shi ruwa mu ce ya dawo wani satin.

Wanda ba ya furta kalma ko ɗaya shi ma ɗan wasa ne?

Sosai ma, kuma ni su nake fi girmamawa. Frank Welker, wanda yake yin Fred na Scooby-Doo tun 1969, shi ne birin nan Abu na Aladdin, ba kalma amma kana jin lokacin da birin yake ƙarya da lokacin da yake kishi. Zakaran nan marar wayo na Moana, 2016, babban ɗan wasa ne Alan Tudyk ya tsaya yana masa kuka. Kuran nan Ed na The Lion King dariya kawai yake yi daga farko har ƙarshe, Jim Cummings ne. Minions kuwa daraktansu Pierre Coffin ne yake yin su da wani yare da ya harhaɗa daga harsuna daban-daban. WALL-E na 2008 Ben Burtt ne, wanda asalinsa mai haɗa sauti ne, ya bi da muryarsa ta cikin na'ura.

A kowane zango akwai yaron da yake kwaikwayon rago ana gobe Layya har mai ragon ya leƙo waje. Irin sa muke nema, mun fi samun wahalar samunsa a kan mai yin jarumi.

Me ya sa wani lokaci mai magana daban, mai waƙa daban?

Don ba kowane mai iya magana ne yake da muryar waƙa ba. Jasmine ta Aladdin Linda Larkin ce take magana, Lea Salonga take waƙa, ita ce kuma ta yi waƙar Mulan a 1998 alhali Ming-Na Wen ce mai maganar. Simba babba Matthew Broderick ne a magana, Joseph Williams a waƙa. Wasu kuma suna haɗa biyun, kamar Idina Menzel da ta yi Elsa a Frozen na 2013, ita daga dandalin wasan waƙa ta fito. Masu kallon fim ɗin Hausa sun san tsarin sarai, jaruma tana motsa baki mawaƙiya tana can situdiyo.

Wani ya taɓa ce mini ai Shatta Wale ma ya yi wasa a The Lion King. A'a, waƙa ya yi tare da Beyoncé a kundin da ta fitar a 2019 lokacin fim ɗin, bai sa wa wata dabba murya ba. Ita Beyoncé ɗin ce ta yi Nala.

Waɗanda ake manna wa ɗigo-ɗigo a jiki fa, wane rukuni suke?

Su ne masu wasa da jiki. Ana sa musu matsattsun kaya masu alamomi, kyamarori su kewaye su suna ɗaukar motsin, kwamfuta ta ɗora shi kan halitta. Andy Serkis ne sarkin wannan, daga Gollum na The Lord of the Rings a 2002 zuwa Kyaftin Haddock a fim ɗin Tintin na 2011. Tom Hanks ya yi mutane da yawa ta haka a The Polar Express na 2004, har da kwandastan jirgin, amma mutane da dama sun ce idanun halittun kamar babu rai a ciki. A Happy Feet na 2006 kuma an raba aikin ne, Elijah Wood ya ba da murya, gwanin rawa Savion Glover ya ba da ƙafa.

Abin ya daɗe a wata siffar. Tun Snow White na 1937 akwai yarinya mai rawa, wadda daga baya aka sani da Marge Champion, da ake ɗauka a fim tana tafiya tana juyi don masu zane su kalla. Rango na 2011 ya bi wata hanyar ta tsakiya, aka tara su Johnny Depp a fili da hula da kayan wasa suka yi fitowar da jikinsu ana ɗauka, ba ɗigo ko ɗaya, masu zane suka kalla suka zana da hannunsu. Wannan ta ƙarshen ita muke kwaikwaya, wayar hannu ɗaya ta ishe ka.

Yara da waɗanda ba su taɓa wasa ba, a ina za a sa su?

Rukuninsu daban, don su ba salo suke yi ba, kama su ake yi kamar fara. Yarinyar nan Boo ta Monsters, Inc. 'yar wani ma'aikacin Pixar ce, ta yi ƙanƙanta da zama wuri ɗaya, sai aka riƙa bin ta da makirfo tana wasa. Yaron Up kuma rakiyar yayansa ya yi zuwa gwaji, surutunsa ya sa aka ɗauke shi. In za ka yi aiki da yaro kada ka ba shi takarda, da ya ga rubutu sai muryar karatun makaranta ta fito, faɗa masa layin a baki ka sa shi ya yi gudu ya dawo ya faɗa yana haki. Kuma da izinin iyayensa, babba na gidansu yana zaune a wurin.

'Yan fassara, irin masu mayar da fim Hausa ko Twi, su ma suna cikin lissafi?

Suna ciki, kuma aikinsu ta wata fuskar ya fi wuya, don su an riga an zana baki, an yanke tsawon numfashi, dole maganarka ta shiga wannan ramin ba ƙari ba ragi. Yawancin katun ɗin Japan haka ake yin su tun asali, hoto ne a gaba murya a baya, 'yan wasan su jeru a situdiyo ɗaya suna kallon allo suna karɓa-karɓar makirfo, shi ya sa Akira na 1988 da aka fara ɗaukar murya kafin zane ya zama abin ambato. A can sana'a ce mai makarantunta da taurarinta.

A wajenmu fassara ta kasu biyu. Akwai mai bin baki sau da ƙafa, akwai kuma mai mallake fim ɗin ya mayar da shi nasa, irin abin da Algaita da ire-irensu suke yi wa finafinan Indiya, a zuba kirari da habaici da karin maganar da mai fim ɗin bai taɓa mafarkinsu ba. Wanda ya ga yadda Kumkum Bhagya ta Twi a Adom TV ta riƙa kwashe mata daga ƙofar gida da yamma ya san ƙarfin abin. Irin wannan ɗan fassarar ni a cikin masu ƙari nake lissafa shi, mai ƙari ne da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya.

Da Hausar zango za mu yi ko ta Kano?

Wannan ma zaɓin salo ne, ba ƙaramin zaɓi ba kuwa. Mike Myers ya riga ya ɗauki muryar Shrek, daga baya ya ce a sake da karin harshen mutanen Sikotland, aka sake, kuma yau ba wanda zai iya tunanin dodon da wani harshe. Michel Ocelot da zai yi Kirikou na 1998 Dakar ya je ya ɗauki muryoyin, don Faransancin ya fito da ƙamshin Afirka ta Yamma. Iwájú na 2024 ma da bakin mutanen Legas aka yi shi.

Mu mun daɗe muna jin kunyar Hausarmu, da an kunna makirfo sai ka ji ɗan Sawaba yana ƙoƙarin zama ɗan Fagge, yana lissafin ina zai ce ta ina zai ce ya, wasan ya mutu a wurin lissafin. In halittar yaron zango ce mai sayen koko da ƙosai da safe, a bar shi ya yi maganar zango da Twi ɗinta da Turancinta. In sarki ne a tatsuniya ko malami da ya yi karatu a Arewa, a nemo mai wancan bakin. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce kullum wawan labari ne mai Hausar zango, mai hankali kuma mai ta Kano, ko a mayar da karin harshen wata ƙabila shi ne abin dariyar gaba ɗaya.

Mutum ɗaya zai iya shiga rukuni biyu? Yaya zan san nawa?

Zai iya, Robin Williams hawainiya ne kuma mai ƙari, Eddie Murphy mai zuwa da muryarsa ne kuma mai zuzutawa. Gwajin da muke yi mai sauƙi ne. Ɗauki jimla ɗaya, misali "wa ya cinye mini tuwona", ka faɗe ta a waya a matsayin tsohuwa, da yaro, da kura, ka tura wa wanda ya san ka sosai ba tare da bayani ba. In ya tambaye ka su wane ne waɗannan, kai hawainiya ne. In ya ce kai dai ba ka rabuwa da shirme, to muryarka ba ta ɓuya, sai ka koma ka faɗi jimlar da muryarka ta kullum sau uku, da fushi, da tsoro, da zolaya, ka ga ko ukun sun bambanta. In kuma ka kasa tsayawa a jimlar sai da ka ƙara labarin wanda ya dafa tuwon, ka riga ka san rukuninka.

Akwai inda ake koyo, ko kyautar da ake ba masu wannan aiki?

A Akra akwai NAFTI, makarantar fim da talabijin da aka kafa a 1978, wadda daga baya aka haɗe ta cikin jami'ar UniMAC, suna koyar da zanen motsi da aikin sauti. Amma yawancin masu murya mai kyau da na sani daga rediyo suka fito, ko wasan kwaikwayon makarantar Islamiyya lokacin Mauludi, ko tallan magani a mota. Oscar tana da kyautar fim ɗin katun, Shrek ne ya fara ci a 2002, amma ba ta da ta mai sa murya. Kyautar Annie ta Amurka ita ce take da wannan rukunin. Eddie Murphy dai jakinsa ya kai shi takarar BAFTA ta Ingila tare da 'yan wasan da ake ganin fuskarsu.

In za mu ɗauka a gida, kowane salo da yadda ake masa?

Eh. Hawainiya kada ka sa ta tsalle tsakanin halittu a zama ɗaya, a gama duk layukan tsohuwa, a sha ruwa, sannan a shiga na kura, kuma muryar da ta fi ƙaƙare maƙogwaro a bar ta ƙarshe. Ba wasa ba ne, Lupita Nyong'o ta faɗa da bakinta cewa muryar da ta riƙe a The Wild Robot na 2024 ta ji mata ciwo a maƙogwaro har sai da ta yi dogon hutun magana. Mai ƙari ka ba shi abokin jifa da makirfo na biyu, ka bar rikodin yana tafiya ko an ce an gama, don mafi daɗin maganarsa bayan an ce an gama take fitowa. Mai sanyi ya matso kusa da makirfo kamar tazarar tafin hannu, mai zuzutawa ya ja baya taku ɗaya in ba haka ba sautin zai fashe. Mai wasa da jiki a cire masa takalmi da sarƙa da duk rigar da take ƙara.

Ɗakin kuma mu katifa biyu muke jinginawa a bango mu rataya bargo a ƙofa, a kashe fanka, mutum ya yi gumi ya haƙura. Lokaci mafi kyau a unguwarmu daga ƙarfe goma na safe ne zuwa kafin azahar, yara suna makaranta, masu daka sun gama, lasifikar masallaci ba ta fara ba, sai dai pragiya, keken nan mai ƙafa uku, in ta wuce a dakata a sake layin. A cika batirin kwamfuta tun dare saboda dumso, wato ɗauke wuta, kuma duk layin da aka ɗauka a sa masa sunan halittar da lambar fitowa nan take, kada a bari sai gobe.